Surukina zai kai ɗiyata Umea a arewacin Suwidin, wai da gaske rana ba ta fitowa can?

Baban Rabi (Argungu):

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Ni manomin shinkafa ne a fadamar Argungu, bokona bai yi nisa ba, ɗana ne ke rubuta mini abin da nike faɗi. Surukina, mijin ɗiyata ta biyu, malamin aikin gona ne. Allah ya ba shi gurbin ƙaro karatu na shekara 4 a ƙasar Suwidin, a wani gari da ake ce ma Umea, kuma ya ce da iyalinshi zai tahi. Yaransu biyu, babban shekara 4, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba.

Na yi mishi murna har cikin zuciyata, amma hankalina bai kwanta ba. Mutum biyu na tambaya, kowa da tashi magana. Yaron da ke kawo muna taki ya ce ya gani a waya, ƙasashen can wata 6 dare ne wata 6 rana, kuma sanyi na kashe mutum a tsaye. Ɗan abokina kuwa, wanda ya taɓa zuwa taro a wani garin ƙasar mai suna Malmo, ya ce babu wagga magana, shi ruwan sama da iska kawai ya gani, rana na fitowa tana faɗuwa kamar ko'ina. Dukansu ban san su da ƙarya ba. To ƙasa guda ce, ya aka yi labari ya rabu biyu haka?

In da gaske rana ba ta fitowa, da me za su san lokacin salla? Azumi fa? Sannan jikokina. Mu nan ɗan hunturun Disamba ma sai an hura wuta a ɗaki, yara na ta mura da tari. Uwar ɗiyar tun da ta ji maganar ba ta barcin kirki. Ba hanawa nike son yi ba, mace tana tare da mijinta, amma ina son in san inda nike tura jinina. Wanda ya san ƙasar ya taimaka muna da gaskiya, don Allah.

Malam Ɗan Jega:

Wa alaikumus salam Baba. Allah ya sanya alheri a tafiyar. Ni labarin ƙasa nake koyarwa a sakandare, don haka zan faɗi dalilin abin, waɗanda suka zauna can su ƙara da abin da idonsu ya gani.

Mutanen nan biyu kowa ya kama wani gefe na gaskiya. Suwidin doguwar ƙasa ce siririya, daga ƙarshen kudu zuwa ƙarshen arewa kimanin kilomita 1,570. Wato ta fi nisan da ke tsakanin bakin teku na Najeriya da iyakarmu da Nijar, alhali faɗin ƙasarta duka kusan rabin Najeriya ne. Malmo tana can gindin ƙasar, digiri 55 da ɗoriya arewa da ikwaita, layin da ya raba duniya kudu da arewa. Umea tana wajen digiri 64. Garin Kiruna mai ma'adinin ƙarfe yana dab da 68. Mu a Birnin Kebbi muna 12 da rabi.

Duniya ba a miƙe take juyawa ba, a karkace take da digiri 23 da rabi. Idan ina nuna wa ɗalibai, lemu nake sokewa da tsinke, in karkatar da tsinken, in rufe tagogin aji in haska lemun da tocila ina juya shi. In kan tsinken ya karkato wajen tocila, saman lemun ba ya fita daga haske komai juyin da aka yi. In ya karkata baya, saman ba ya shiga haske. Tsakiyar lemun kuwa, inda muke, kullum rabi haske rabi duhu. Shi ya sa a Kebbi yini mafi tsawo, a watan Yuni, wajen awa 12 da minti 50 ne, mafi gajarta a Disamba kuma wajen awa 11 da minti 25.

Maganar wata 6 dare wata 6 rana, a ƙuryar arewacin duniya ne kawai, digiri 90, kuma babu gari a wurin, ƙanƙarar teku ce. Akwai wani layi a digiri 66 da rabi da ake kira da'irar Aktik. Sai an haura wajensa ake samun ranakun da rana ba ta faɗuwa ko ba ta fitowa sam. A Kiruna, daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa, a Disamba kuma takan yi kusan mako 3 ba ta leƙo ba. Umea tana kudu da layin da kimanin kilomita 300, don haka babu ranar da rana ba ta fitowa a can, sai dai yinin ya gajarce ƙwarai.

Sanyin ma bai kai na wasu wuraren da suke layi ɗaya da su ba, irin Sibiriya da arewacin Kanada, saboda wata igiyar ruwan ɗumi da ke tasowa daga mashigin tekun Meziko ta ratsa Atlantika ta bi gaɓar Norwe. Ƙarfen da ake haƙowa a Kiruna ma, mafi yawansa ta jirgin ƙasa ake kai shi tashar Narvik ta Norwe, wadda ruwanta ba ya daskarewa duk shekara, alhali tashar Lulea ta Suwidin, wadda take kudu da Narvik, tekunta daskarewa yake da hunturu sai jiragen fasa ƙanƙara sun buɗe hanya.

Maman Sadiq (Gusau):

Baba, ina wuni, ya iyali, ya Mama da tunani. Na ga sunan Umea ne na kasa wucewa, domin a garin na zauna da maigidana lokacin da yake karatu, kuma da ƙananan yara na je kamar yadda 'yarka za ta je. Zan faɗa maka abin da zan faɗa wa mahaifina.

Kada ka ƙara tambayar kowa yadda yanayin Suwidin yake. Ka tambaye shi wane gari, kuma wane wata. Wanda ya je Malmo ya faɗi gaskiyar Malmo. Can a Janairu ma'aunin sanyi yana kewayen sifili ne, dusar ƙanƙara in ta zuba ba ta cika daɗewa ba, ruwa ne da iska da gajimare. A Umea matsakaicin Janairu yana wajen digiri 7 ƙasa da sifili, kuma akan sami kwanakin da yake kaiwa 20 ko fiye ƙasa da sifili. Dusar ƙanƙara takan kwanta tun wajen Nuwamba, sai Afrilu take tafiya. Mun taɓa bin jirgin ƙasa zuwa kudu a watan Afrilu, mun baro tulin ƙanƙara a ƙofar gidanmu, muka iske gonakin kudu sun yi kore shar, furanni sun buɗe a bakin hanya. Ƙasa ɗaya, rana ɗaya.

Amma ni a ganina ba sanyi ne abin da ya kamata ya hana Mama barci ba. Sanyi an yi masa tanadi. Gidajensu bango mai kauri ne, gilashin taga ninki uku, kuma ruwan zafi ne ke bi ta bututu yana ɗumama kowane ɗaki dare da rana, galibi kuɗinsa yana cikin kuɗin haya. Cikin gida yana wajen digiri 20 ko 21, da atamfata nake yini ba rigar sanyi. Yarana sun fi jin sanyi a ɗakinmu na Gusau cikin Janairu da asuba fiye da yadda suka ji a ɗakinsu na Umea. Babu mai hura gawayi a ɗaki, kuma don Allah a gaya mata ko da wasa kada ta gwada, gidan a rufe yake ruf, hayaƙin gawayi kisa yake.

Fita waje ce ke son shiri. Ana fara sa wa yaro riga da wando na ulu masu kama jiki, a ɗora mai kauri, sannan a zura shi cikin wata riga guda ɗaya da ta haɗe daga wuya har idon sawu, wadda ruwa da iska ba sa ratsa ta. Sai hula mai rufe kunne, safar hannu, da takalmi mai gashi a ciki. Kafin ki gama shirya yara biyu kin yi gumi. A makarantar renon yara kullum sai an fitar da su wasa a waje, ko ana zuba dusar ƙanƙara, sai dai in sanyi ya yi tsanani sosai. Za ta ga jarirai an naɗe su a kekensu an jera a waje suna barcin rana cikin hunturu, al'adarsu ce, kada ta firgita. Ranar da ya kai 20 ƙasa da sifili, da ka shaƙi iska za ka ji gashin hancinka ya ƙame, ƙanƙarar ƙasa tana ƙara ƙiƙi-ƙiƙi a ƙarƙashin takalmi, gashin ido yana yin fari da numfashinka. Amma iskar a bushe take, in an sa kaya daidai ana tafiya kasuwa a dawo lafiya. Har keke mutanen garin ke hawa a haka, da tayoyi masu ƙusoshi.

Abin da ke cin mutum shi ne duhu. A kan wannan nake son a tsaya.

Tun ƙarshen Yuni yini yake fara zaizayewa, a Satumba fiye da minti 6 kowace rana, wato kusan minti 45 a mako. Mu da muka saba Magariba tana nan kusan inda take duk shekara, sai ka ga jadawalin sallar makon jiya ya daina aiki. Idan aka kai 21 ga Disamba, rana tana fitowa wajen ƙarfe 9 da rabi na safe, ta faɗi kafin ƙarfe 2 na rana. Awa 4 da 'yan mintuna ke nan. Kuma fitowar ba irin tamu ba ce. Ba ta hawa sama. Can kudu take leƙowa, ta bi ta kan bishiyoyi a kwance, ja-ja-ja, ba ta kai tsayin bene ba, inuwar mutum ta miƙe har tsallaken titi, babu ɗumi a cikinta ko kaɗan, sai ta koma. In akwai gajimare ma ba za ka gan ta ba. Maigida ya fita aiki cikin duhu, ya dawo cikin duhu. Ni kuma in na je ɗauko yaro ƙarfe 3 na rana, fitilun titi a kunne suke kamar bayan Isha'i, kowane yaro da abin ƙyalli a jikin rigarsa don fitilar mota ta nuna shi.

Wata mafi nauyi a wurina ba Janairu ba ne, Nuwamba ne. Ganye ya zube, sama ta yi toka, ƙasa baƙa ce jiƙaƙƙiya, dusar ƙanƙara ba ta gama kwanciya ba. Idan ta kwanta gari yakan yi haske, domin farinta yana maido da ɗan hasken da ake da shi, har da na wata da na fitila. Shi ya sa mutanen arewacin ƙasar suke murna da zuwanta. A wannan watan ne jiki ke mutuwa, barci ba ya isar mutum, ba ka son magana, abu kaɗan sai hawaye. Ba rashin imani ba ne, ba kuma aljanu ba, su kansu 'yan ƙasar yana taɓa su, likitocinsu sun san shi. Mace baƙuwa da ba ta jin yaren, ba ta da maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana, ita ce ta fi shiga haɗari. A Gusau ko ban fita ba sai mutum goma sun shigo gidana kafin Azahar. Can sai a yi mako ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Don haka, Baba, ga abin da za ka zaunar da surukinka ka gaya masa, tunda kai zai ji maganarka. Kada ya bar ta a ɗaki ita da yara daga safe har dare ya ce ai akwai abinci akwai ɗumi. Kullum tsakanin ƙarfe 11 da ƙarfe 1 ta shirya yara ta fita ta taka, ko rabin awa ne, hasken nan kaɗan magani ne. Ya sa ta a ajin koyon yaren ƙasar, ya haɗa ta da matan Musulmi na garin, akwai Somaliyawa da Larabawa da 'yan Afirka ta Yamma. Ku kuma nan gida ku riƙa kiranta ta bidiyo, musamman daga Nuwamba zuwa Janairu, kada ku jira sai ta kira.

Sai maganar bitamin D. Fatar mutum da hasken rana take haɗa shi, kuma daga wajen Oktoba zuwa Maris ranar can ba ta da ƙarfin da za ta sa fata ta haɗa. Mu masu baƙar fata, ga kuma hijabi, mun fi kowa buƙatar kula. Rashinsa na kawo ciwon ƙashi da kasala, ga yara kuma yana iya lanƙwasa ƙafa. Asibitin yara yana ba 'yan ƙasa da shekara 2 na ɗigawa a baki kullum. Ita ma da babban yaron su tambayi likita da zarar sun sauka.

In Allah ya kai su Fabrairu, an haye. Yini yana ƙaruwa da saurin da ya ragu. Maris wata ne mai kyau ƙwarai, rana tana haska farar ƙasa har sai an sa tabarau, kogin garin a daskare mutane na tafiya a kansa. A daren da sama ta washe kuma akan ga wani haske kore yana kaɗawa a sararin sama ta arewa, ikon Allah, duk wanda ya gani sai ya yi tasbihi. Zuwa ƙarshen Mayu bishiyoyin da suka cika garin, masu farin ɓawo, sai su yi ganye cikin 'yan kwanaki. An shuka su ne bayan gobarar da ta cinye garin a 1888 don su riƙa tare wuta.

Yuni kuma wani gwaji ne na daban. Rana tana faɗuwa bayan ƙarfe 11 na dare, ta fito wajen ƙarfe 2 da kwata, kusan awa 21 tana sama, kuma tsakanin faɗuwa da fitowar ma gari ba ya yin duhu. Ƙarfe 12 na dare nakan karanta Alƙur'ani a bakin taga ba fitila. Yara ba sa yarda su kwanta, suna cewa ai gari bai yi dare ba. Labule baƙi mai kauri dole ne, kuma da agogo ake kwanciya ba da ido ba. Zafin lokacin mai daɗi ne, matsakaicin Yuli wajen digiri 16, wasu ranakun ya haura 25. Akwai sauro da yawa a daji da bakin ruwa, cizonsa da ƙaiƙayi, amma ba ya kawo zazzaɓin maleriya.

Yara sun fi manya saurin sabawa. Kan 'yarka nake jin tsoro, ba kan jikokinka ba.

Almajirin Gwandu:

Baba, Allah ya ƙara girma. Game da salla da azumi, malamai ba su bar wannan mas'ala ba, kuma asalinta yana cikin hadisi. Imamu Muslim ya ruwaito daga Nawwas ɗan Sam'an cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci kwanakin Dujal, akwai yini kamar shekara, da yini kamar wata, da yini kamar mako. Sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta ishe su a yinin da yake kamar shekara, ya ce a'a, su ƙaddara masa gwargwadonsa. A kan wannan malamai suka gina hukuncin wuraren da rana ba ta faɗuwa ko ba ta fitowa, irin Kiruna da Malam ya ambata: salloli biyar ne a kowace awa 24, ana ƙiyasta lokutan da gari mafi kusa da dare da rana suke rarrabewa, wasu kuma suka ce da lokutan Makka.

Umea ba ta shiga nan gaba ɗaya ba, tunda rana tana fitowa tana faɗuwa. Da hunturu lokutan duk suna nan, matsewa kawai suke. A Disamba Azahar tana shiga kafin ƙarfe 12, La'asar ta biyo ta ba da jimawa ba, Magariba kafin ƙarfe 2, salloli uku cikin awa 2 da 'yan mintuna. Matsalar tana lokacin dogon yini, domin shafaƙi ba ya ɓacewa har alfijir ya haɗu da shi, sai alamar Isha'i da ta Asuba su ɓata. Wannan ya shafi ƙasar duka har Malmo. A nan akwai masu ƙiyasta lokacin, akwai kuma fatawar majalisar malaman Turai da ta halatta haɗa Magariba da Isha'i a waɗannan watanni saboda ɗauke ƙunci. Shawarata su bi jadawalin jama'ar Musulmin garin, kada kowa ya yi nasa a ɗaki.

Azumi kuwa, Allah ya sauƙaƙa masu. Ramadan yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2015 da 2016 ya faɗo cikin Yuni, mutanen can suka yi azumin sama da awa 20, wasu suka bi fatawar hukumar fatawa ta Masar da ta ce in yini ya wuce awa 18 ana iya bin lokutan Makka, wasu suka tsaya a kan lokacin garinsu, wanda ya kasa ya sha ya rama. A 2026 watan ya gangaro Fabrairu, yana tafiya Janairu, a 2030 ma sau biyu zai zo, farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Ke nan a shekarun da za su yi can galibin azuminsu bai kai tsawon namu na awa 13 ba, ga shi babu ƙishirwa. Sai an shiga shekarun 2040 zai koma dogayen ranaku.

Abu Fadama (Yauri):

Hajiya Maman Sadiq ta yi bayani mai gamsarwa, amma ban yarda a sassauta maganar sanyi har haka ba. A arewacin ƙasar an taɓa auna digiri 52.6 ƙasa da sifili a Fabrairun 1966. Umea tana bakin teku, ba ta kaiwa nan, amma yatsun yaro da kunnensa suna iya lalacewa in safar hannu ta jiƙe ba a lura ba, kuma yaro ƙarami ba zai faɗa ba. Sannan santsi. Idan ƙanƙara ta narke da rana ta sake daskarewa da dare, hanya takan zama gilashi. Mace mai goyo ta sayi ƙusoshin da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, kuma ta bar goyon baya a irin wannan ranar ta tura yarinya a keke.

Baba, tunda kai manomi ne, tsawon yinin nan ba baƙon abu ba ne a gonarka. Dawarmu ta gargajiya irin farafara da kuma maiwa, ko ka shuka da wuri ko ka makara, kusan lokaci ɗaya suke fitar da kai, domin jira suke yini ya fara gajarcewa a ƙarshen damina. Ɗan bambancin nan namu da bai wuce awa ɗaya da rabi ba shuka tana jin sa. To ka auna inda bambancin ya kai awa 16. Da za a kai irin dawarmu can, sai ta yi ta tsawo tana ganye, kafin yini ya gajarce ta yi kai sanyi ya kashe ta.

Lokacin nomansu a kudu yana kai kwana 240, suna alkama da gwozar sukari da irin mai. A arewa wajen kwana 120 ne, sai sha'ir da dankalin turawa da ciyawar shanu, amma saboda hasken ba ya yankewa shuka tana girma da sauri. Ruwan da ke sauka a babban birninsu Stockholm a shekara, har da dusar ƙanƙara, bai kai na Birnin Kebbi ba. Ƙasar tana kore ne domin rana ba ta shanye shi kamar yadda take shanye namu. Surukinka zai ga abin karatu.

Baban Rabi (Argungu):

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya yi ma zuri'arku albarka. An karanta ma uwar ɗiyar, ta ce a gode ma Maman Sadiq musamman. Ɗiyata, tambaya guda ta rage. Shi surukin an ce mishi ya isa can ƙarshen Agusta. Wasu dangi na cewa ya fara tahiya shi kaɗai, ita ta bi shi da yara a Disamba in ya zauna da gindinshi. Ke me kika gani?

Maman Sadiq (Gusau):

Amin Baba, Allah ya ƙara lafiya. Disamba kam a'a. A ɗauko mace daga Argungu a sauke ta a garin da yininsa awa 4 ne, ba ta san kowa ba, ba ta san inda ake sayen komai ba, an haɗa mata baƙunta da duhu da sanyi a rana ɗaya. In takardunsu sun fito kuma ya sami gida, su tafi tare a Agusta. Lokacin yini yana da tsawo, wajen awa 15, sanyin bai wuce na sanyin safiyar hunturunmu ba, za ta koyi hanyar kanti da asibiti da tashar bas da ƙafarta, jikinta kuma ya bi raguwar hasken a hankali. In hakan bai yiwu ba, gara ta haƙura sai Maris ko Afrilu.

Kada a kashe kuɗi a nan wajen sayen rigunan sanyi, na kasuwarmu ba za su yi aiki a can ba. Suwaita ɗaya ɗaya ta isa hanya. Akwai shagunan gwanjo masu kyau a garin, a nan yawancin ɗalibai ke sayen kayan yara, kuma a saya tun Oktoba kafin ƙanƙara ta sauka. Ta tafi da man kaɗanya mai yawa, iskar cikin gida da hunturu tana busar da fata da leɓe sosai. Kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa za su yi mata amfani, amma banda kilishi da man shanu, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara daga waje.

Wajen kiran waya, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonsu da namu ɗaya ne. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris suke tura nasu gaba da awa ɗaya, sai Lahadin ƙarshe ta Oktoba su dawo da shi. Sai dai agogo ɗaya ba ya nufin lokacin salla ɗaya. A Disamba, sa'ar da ake kiran La'asar a Argungu su sun yi Magariba da awa 2, suna jiran Isha'i. Wannan tsakanin, daga ƙarfe 2 zuwa dawowar maigida, shi ne ya fi tsawo ga mace ita kaɗai a gida, a nan Mama za ta riƙa kiranta.